Latas bai fito ba, alayyahu ya kwanta: yadda ake shuka ƙananan iri a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayo irin latas, karas, alayyahu da tumatir na shuka a robobi a tsakar gida. Latas da karas ko ɗaya bai fito ba. Alayyahu ya fito cunkus wuri guda, bayan 'yan kwanaki ya kwanta ya mutu. Tumatir kuma ya yi tsawo siriri yana faɗuwa. Irin ne ba shi da kyau, ko akwai abin da ban yi daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yana yiwuwa irin ne, kuma akwai hanyar da za ki gane hakan cikin mako ɗaya zuwa uku. Amma abin da kika bayyana ya fi kama da matsalar zurfin shuka, zafi da ban-ruwa, kuma duka ukun daga tushe ɗaya suke.

Kowace ƙwayar iri tana ɗauke da guzurin da tsiro zai ci kafin ya fito ya buɗe ganye ya fara haɗa abincinsa da hasken rana. Masara da wake guzurinsu mai yawa ne, shi ya sa ko an binne su da zurfin yatsa sai su keto ƙasa su fito. To duba waɗanda kika saya. Giram ɗaya na irin tumatir yana da ƙwaya kusan 300. Na latas da na karas, wajen 800 zuwa 1,000. Na alayyahu ya haura 1,000, na seleri kuwa ya kai 2,500. Ƙwayar da ta yi wannan ƙanƙanta ba ta da ƙarfin ture dunƙulen ƙasa, ba ta da abincin doguwar tafiya, saiwarta ta farko kuma ba ta isa inda danshi yake a can ƙasa ba. Rayuwarta duka a santimita ɗaya na saman ƙasa take. In wannan santimitar ta yi laushi, ta zauna da danshi, ba ta yi zafi fiye da kima ba, iri zai fito. In ta bushe na wuni ɗaya, ko ta yi ɓawo, ko aka tula wata ƙasar a kanta, an gama.

Fara da gwada irin da ya rage miki. Ki jiƙa tsumma mai tsabta ko tishu, ki matse har ya daina ɗiga, ki jera ƙwaya 20 a kai, ki naɗe, ki sa a leda ba tare da kin ɗaure bakinta sosai ba, ki ajiye a inuwa cikin ɗaki, na latas a wuri mafi sanyi domin zafi yana hana shi tsira. Ki riƙa dubawa kullum. Alayyahu da latas sukan fasa cikin kwana 3 zuwa 7, tumatir 5 zuwa 10, karas yana iya kai mako biyu ko uku. In 15 ko fiye suka tsira, iri lafiyarsa ƙalau. In wajen 10 ne, ki ninka yawan da za ki shuka. In bai kai 6 ba, kada ki ɓata ƙasarki da ruwanki. Ki kuma duba ranar da aka buga a jikin takardar. Irin albasa shi ne mafi saurin mutuwa, da wuya ya wuce shekara ɗaya da ƙarfinsa a yanayinmu, kuma duk takardar irin da ta yi watanni rataye a shago rana na dukanta abin zargi ce, ko da ranarta ba ta wuce ba.

Sai ƙasa. Ƙasar tsakar gida da aka tattake, ko laka, idan aka ba ta ruwa ta bushe sai samanta ya daskare ya zama ɓawo, tsiro ya lanƙwashe a ƙarƙashi ya mutu ba wanda ya gan shi. Haɗin da ya dace da reno, wato tsirar da iri a ƙaramin wuri kafin a dasa shi, shi ne kashi biyu na ƙasar lambu mai kyau, kashi ɗaya na taki da ya ruɓe sarai, kashi ɗaya na yashin rafi. Takin da ya ruɓe baƙi ne, ba ya wari, ba ya ɗumi, yana marmashewa a hannu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone ƙananan saiwoyi, kada ya kusanci wurin reno. In akwai buntun shinkafa da aka ƙona ya yi baƙi bai zama toka ba, yana iya maye gurbin rabin yashin, yana sa ƙasa ta yi sako-sako. Ki tankaɗe haɗin da rariya mai faɗin ido, ki kuma ware kaɗan ki sake tankaɗewa da mai ƙananan ido: wannan lallausar ita za ta zama shimfiɗar sama, ita ce kuma abin rufe iri.

Saboda alayyahunki ya kwanta, ina ba ki shawara ki kashe cutar da ke cikin ƙasar kafin ki sake shuka. Hanya mafi sauƙi ga mai robobi kaɗan ita ce ki cika robar, ki kwarara mata tafasasshen ruwa har ya fito ta ƙasa, ki rufe, ki bari ta huce ta tsane zuwa washegari. Mai ƙasa da yawa yana iya turara ta a rabin duro na minti 30 daga lokacin da tururi ya ratsa ta. A watannin Maris da Afrilu kuma ana jiƙa ƙasa a lulluɓe ta da farar leda mai nuna ciki, a bar ta a rana mako 4 zuwa 6. Wannan yana kashe irin ciyawa ma, abin da ke da amfani ƙwarai, domin mai sabon hannu ba ya bambance tsiron karas da na ciyawa.

Robar reno ta kai zurfin santimita 7 zuwa 10, da huda a gindi masu yawa, kowace kamar kaurin fensir. Huda ɗaya ko biyu da ƙusa ba ta isa ba. Ki ɗora ta a kan bulo ko katako, kada ta zauna a kan siminti, domin simintin da rana ta daka yana dafa ƙasar daga ƙasa. Karas shi kaɗai ne a cikin naki ba a reno a dasa: in saiwarsa ta karye ko ta lanƙwashe wajen dashe, zai fito da rassa ko a murɗe. A inda zai girma ake shuka shi, cikin buhu ko bokiti mai zurfin santimita 25 zuwa 30, ƙasa mai yashi ba tsakuwa.

Ga wani abu da mutane da yawa suke juyawa: ruwa ake fara ba ƙasa, sannan a shuka. Ki cika roba saura santimita biyu ta kai baki, ki daidaita saman, ki danna a hankali da gindin kofi ko guntun katako, ki jiƙa ta sosai, ki jira ta tsane. In kika shuka a busasshiyar ƙasa sannan kika kwara ruwa da moɗa, ruwan zai kwashe irin ya tara shi a gefe ɗaya ko ya nutsar da shi cikin ramuka. Ina kyautata zaton abin da ya tara miki alayyahu wuri guda ke nan.

Yanzu ga riƙe irin kansa. Hannu ya zama busasshe, kuma a guji wurin da iska ke kaɗawa ko fanka ke juyawa. Kada ki zazzaga daga takarda kai tsaye zuwa ƙasa. Ki ɗebi abin da kike bukata ki zuba a farin faranti, ki rufe sauran.

Ga alayyahu, da ɗaɗɗoya, da seleri, da duk wanda yatsa ba ya iya ɗaukar ƙwaya ɗaya, yashi ne magani. Ki haɗa awo ɗaya na iri da awo 10 zuwa 20 na busasshen yashi mai laushi, ki gauraya sosai, ki yafa rabi daga gabas zuwa yamma, sauran rabin daga kudu zuwa arewa. Farin yashi a kan baƙar ƙasa yana nuna miki inda kika zuba da inda kika tsallake. Ki riƙa sake gaurayawa kina yafawa, domin iri da yashi ba nauyinsu ɗaya ba, sukan rabu. Yawan kuma ki yi lissafinsa. Rubu'in ƙaramin cokalin shayi na irin alayyahu ya kai kusan giram ɗaya, wato ƙwaya fiye da 1,000. Fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, in an ba kowane tushe tazarar santimita 10, tushe 100 kawai yake ɗauka. Ke nan wannan rubu'in cokalin ya ishi mita guda har da rara mai yawa, robar wanki kuwa ɗan abin da kika tsunkuno da yatsa biyu ya wadatar. Ido zai ce miki ya yi kaɗan. Kada ki ƙara.

Ga latas, karas, tumatir, tattasai, kabeji da albasa, layi ya fi yafi. Ki danna gefen rula ko siririn kara a kan ƙasa ki fitar da layuka, tazarar santimita 8 zuwa 10 tsakaninsu. Ki ninke takarda mai ɗan kauri biyu, ki zuba iri a cikin ninkin, ki karkata ta, ki riƙa ƙwanƙwasa gefenta da yatsa: ƙwayoyin za su jero ɗaya bayan ɗaya suna faɗowa, ki bar santimita 1 zuwa 2 tsakaninsu. In irin mai tsada ne, kamar na tumatir da aka rubuta wa F1, wanda ake ƙirga ƙwayarsa, ki jiƙa bakin tsinken sakace, ki taɓa ƙwaya ɗaya, za ta manne, ki ajiye ta inda kike so. Da tiren reno mai gurabe, ƙwaya ɗaya ko biyu a kowane gurbi. Aikin yana cin lokaci, amma ya fi zaman raba tsirrai da suka sarƙe saiwa sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma dabarar tishu, wadda ta fi amfani ga karas. Ki dama ɗan fulawa ko sitaci da ruwa ya yi kauri kaɗan, ki ɗiga a kan doguwar tishu kowane santimita 3, ki sa ƙwaya ɗaya ko biyu a kowane ɗigo, ki ninke, ki bari ya bushe. Ranar shuka sai ki shimfiɗa a layi ki rufe da ƙasa. Tishun zai ruɓe, irin kuma ruwa ba zai gusar da shi ba.

Zurfi shi ne inda aka fi yin asara. Ƙa'idar ita ce a rufe iri da ƙasar da ba ta wuce kaurinsa sau biyu ko uku ba. Tumatir, tattasai, attaruhu, kabeji da albasa: rabin santimita zuwa ɗaya. Karas: rabin santimita, ko ɗaya in ƙasar yashi ce sosai. Alayyahu: kada ya wuce rabin santimita. Latas da seleri kuwa haske yana taimaka musu su tsira, don haka ba a binne su. A ajiye su a sama, a danna da tafin hannu ko katako su manne da ƙasa, a barbaɗa lallausar ƙasa kaɗan yadda har ana iya hango wasu ƙwayoyin. Dannawar nan ba ƙaramin abu ba ce. Ƙwayar da ke zaune a kan ƙasa ba ta manne ba, iska ce ke kewaye da ita, ba za ta sha ruwan da zai fasa ta ba. Wajen rufewa, ki sa ƙasar a rariya ki girgiza daga sama, ya fi zubawa da hannu daidaito.

Ko da kin yi duk wannan, latas yana da halinsa. Idan zafin ƙasa ya haura wajen digiri 28 zuwa 30, irinsa yakan ƙi tsira ko da lafiyarsa lau, ya yi kwance har sai an samu sanyi. Shi ya sa masu lambu a Kano, Zariya, Maraɗi da makamantansu suke noman latas, karas da kabeji da sanyin hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, yayin da tsaunin Jos mai sanyi yake da sauƙin wannan matsala. In da zafi kika shuka, to amsarki ke nan. Ki shuka shi da yamma, ki jiƙa da ruwa mai sanyi, ki ajiye robar a wuri mafi sanyi a gidan, gefen randa misali, domin sa'o'in farko bayan iri ya sha ruwa su ne masu muhimmanci. Ana kuma naɗe irin a jiƙaƙƙen tishu a sa a firji, ba ɓangaren ƙanƙara ba, na kwana ɗaya ko biyu, sannan a shuka. Alayyahu, tumatir, tattasai da ɗaɗɗoya akasin haka suke, ɗumi suke so. A tsakiyar hunturu sukan yi nawa, attaruhu yana iya kai mako uku kafin ya leƙo, sai a shigar da su ɗaki da dare.

Irin lalo, in kin tashi shuka shi, ɓawonsa yana da tauri: a ɗaure shi a ƙyalle, a tsoma a ruwan da aka sauke yanzu daga tafasa na kamar daƙiƙa 10, a tsoma a ruwan sanyi, a baza a inuwa ya sha iska, a shuka ba da jinkiri ba. Ɗaɗɗoya kuwa kada a jiƙa ta kafin shuka, da ta taɓa ruwa take yin yauƙi ta manne da juna. In kin ga wannan yauƙin a kan ƙasa, ba lalacewa ba ce.

Daga ranar shuka zuwa ranar fitowa, saman ƙasa kada ya bushe, kada kuma ya yi caɓi. Iri busasshe yana iya jira watanni, amma wanda ya sha ruwa ya fara fasawa, in ya bushe sau ɗaya ya mutu. Wannan ne ke kashe karas, domin yana daɗewa a ƙasa, kuma iskar hunturu tana busar da santimitar sama cikin sa'o'i kaɗan. Ki rufe robar da jiƙaƙƙen buhun algarara ko busasshiyar ciyawa marar 'ya'ya, ki riƙa ba da ruwa ta kansa. Ki ɗaga ki duba safe da yamma, ranar da kika ga farin tsiro ya fara lanƙwasowa ki cire rufin. Kwana biyu na sakaci sun isa tsiron ya shige cikin saƙar buhun, ki tumɓuke shi da hannunki. Leda ma tana riƙe danshi, amma a inuwa kaɗai: leda a rana tana dafa iri.

Ruwan kansa, hanya mafi aminci ita ce ta ƙasa. Ki sa robar cikin baho mai ruwa kamar santimita 3, ki bari har saman ƙasar ya yi duhu, ki ciro ta tsane. In ta sama za ki ba, ki huda murfin gorar ruwa da allura wuri 8 ko 10, ko ki yi amfani da abin feshi, da sharaɗin ba a taɓa zuba maganin ciyawa a cikinsa ba.

Abin da ya kashe alayyahunki cuta ce ta reno da ƙwayoyin fumfuna na cikin ƙasa suke haddasawa, irin su Pythium da Rhizoctonia. Ki ciro tsiro ɗaya da ya kwanta ki duba gindinsa daidai inda ya haɗu da ƙasa: za ki ga wurin ya tsuke ya zama kamar zare, ya yi ruwa-ruwa ko ya yi ƙasa-ƙasa, alhali ganyen na sama kore ne shar. Tana farawa daga wuri ɗaya ta bazu a da'ira. Abubuwa uku ne ke kiranta: cunkoso, ruwa da ya yi yawa, da rashin iska. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Abin yi shi ne a kwashe shi har da ƙasar da ke kewaye, a rage ruwa, a barbaɗa busasshen yashi a sama, a kai robar inda iska ke ratsawa. Da zarar tsiro ya fito, dokar ruwa ta canza: a ba da safe, a bar saman ya ɗan sha iska kafin a sake, kada tsirrai su kwana a jiƙe.

Ba kowane faɗuwa ba ne wannan cutar. In an datse karan tsaf, tsutsa ce ko gyare. In layin ya zama wayam ba ko alama, ki nemi tururuwa, domin suna kwashe irin latas da na alayyahu a dare ɗaya. Ki ɗora robar a kan tebur, ki sa ƙafafunsa cikin gwangwanaye masu ruwa. Kaji, ƙadangaru da tsuntsaye kuma tsohon gidan sauro ya ishe su.

Tumatirinki ba cuta ce ta kama shi ba, haske ya rasa. Tsiron da ke inuwa yakan miƙe yana neman rana, ya yi tsawo, ya yi fari-fari, ya karkata gefe guda. Irin tumatir ba ya bukatar rana kafin ya fito, amma daga ranar da ya fito yana bukatarta. Ki ba shi ranar safe zuwa wajen ƙarfe 11, ki kāre shi daga ta tsakar rana a makon farko, sannan ki riƙa ƙarawa. Tumatir yana da sauƙin gyara, domin karansa yana fitar da saiwa: ki ƙara masa ƙasa a gindi, wajen dashe kuma ki binne shi har kusa da ganyen farko. Latas ba a yi masa haka, in aka binne zuciyarsa ruɓewa yake yi.

Idan ganyen gaskiya na farko ya fito, wato wanda ya biyo bayan 'yan biyun farko, ki rage cunkoso. Almakashi ya fi tumɓukewa, domin ba ya girgiza saiwar na kusa. Karas a bar santimita 4 zuwa 5 tsakani. A nan ne kuma za a fara ba da abinci in ganye ya nuna rawaya: ƙaramin cokali ɗaya na takin zamani NPK 15-15-15 a narka a lita 5 na ruwa, sau ɗaya a mako, a ƙasa mai danshi. Kafin wannan lokaci takin zamani ƙuna kawai yake jawowa.

Latas yakan isa dashe a mako 3 zuwa 4, tumatir da kabeji 4 zuwa 5, tattasai da albasa 6 zuwa 8. Mako guda kafin nan ki rage ruwa ki ƙara rana don su yi ƙwari. Ki jiƙa robar sa'a guda kafin cira, ki sa cokali ki ɗago daga ƙasa, ki riƙe tsiron ta ganye, kada ta kara. Ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje shi ke nan. Da yamma ake dashe, a ba da ruwa nan take.

Irin da kika ga an rina shi ja, kore ko shuɗi, galibi maganin fumfuna ko na ƙwari ne a jikinsa. Guba ne: ki wanke hannu bayan shuka, ki ɓoye shi daga yara da kaji, kada kuma ki auna shi da cokalin da ake cin abinci. Sauran irin ki ninke bakin takardarsa, ki sa a kwalba mai murfin da ba ya shan iska, tare da ɗan busasshen gawayi ko shinkafa da za ta tsotse danshi, ki ajiye a wuri mai sanyi da duhu. In a firji ne, ki fito da kwalbar ki bari sanyinta ya sake kafin ki buɗe, don kada raɓa ta sauka a kan irin.

Game da robobin da ke gabanki yanzu: in karas bai cika mako uku ba kuma ƙasar ba ta taɓa bushewa ƙayau ba, ki rufe shi da algarara ki ƙara masa kwanaki. Na latas ki tona gefe ɗaya da tsinke. In kin tarar da ƙwayoyin da ƙarfinsu ba su fasa ba, zafi ne ko zurfi, ki sake shuka a sama da yamma. In sun yi laushi suna murjewa, ruwa ne ya yi yawa, ki ƙara huda a gindin robar. Ƙasar da alayyahu ya mutu a ciki kuwa kada ki sake reno da ita sai kin kwarara mata tafasasshen ruwa, robar ma ki wanke ta da sabulu ki shanya a rana. Allah ya ba da sa'a.